Dutsen Taimamar Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi mai wanki ta unguwar Sa'alaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki ya yi faɗi ya yi sanyi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji ke da Baba. Mu nan lafiya lau muke. Jikokinki sun girma, Hausarsu kuwa sai a hankali, suna ji sarai amma amsa sai da Larabci. Jidda ma tana nan da zafinta da gumin nan nata da ba ya bushewa a jiki.

Na san da kina raye cewa za ki yi wasiƙar me kuma, ba ga baki ba. To Inna, bakin ne ya jawo, shi ya sa yau na ajiye shi na ɗauki alƙalami. Kuma zan sa wasiƙar a shafina na intanet inda jama'a za su karanta. A gaban mutane na yi ɓarnar, ba zai kyautu in shiga ɗaki in rufe ƙofa sannan in ce zan gyara ba.

Maganar dutsen taimamarki ce.

Ke kin san shi fiye da kowa, amma bari in kwatanta shi saboda masu karatu. Fari ne mai ɗan ruwan ƙasa, girmansa ya cika tafin hannu, bayansa a dunƙule da ƙuraje-ƙuraje, gabansa a shafe sumul. A fuskar nan tasa mai sulɓi akwai zobe cikin zobe, kamar an raba albasa biyu. Tun ina yarinya nake ganinsa a gefen dardumarki, ban taɓa tambayar kaina mene ne shi ba. Dutse dai dutse ne.

Shekara talatin kika yi kina wankin gidajen mutane. Garin sabulu da maganin cire tabo suka cinye miki fatar hannu har gwiwar hannu, ƙafafunki ma suka bi sahu saboda tsayuwa cikin ruwan kumfa. Da abin ya kai ruwan sanyi ma in ya taɓa ki sai fata ta tsage ta yi jini, likita ya ce ke da ruwa sai da dalili mai ƙarfi. Kin yi kuka ranar, ba don wankin da za ki bari ba, don alwala.

Baba a lokacin yana tuƙa tifa, yana ɗebo dutse daga wani wurin haƙa can arewa da gari, cikin tuddai, inda ko ƙamshin teku ba a ji. Ya ce a wani gefen ramin akwai ƙwallayen dutse farare birjik kamar an zazzage buhun dankali. Ya tsinci ɗaya da ya rabe biyu ya sako a aljihu. Kwana bakwai yana zama a bakin ƙofa bayan ya dawo aiki, yana goga fuskar dutsen a kan sumunti, yana shafawa a kumatunsa ya ji ko da sauran kaushi. Sai da ya tabbata ba zai cuci hannunki ba ya miƙa miki. Baba ba mai yawan magana ba ne, abin da ya ce kawai shi ne, “Ga alwalarki.”

Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa. Daga nan dutsen ya zama shi ne abin da hannunsa ya taɓa wanda kike taɓawa sau biyar kullum. Ban fahimci haka ba a lokacin. Ina ganin dai kina daɗewa da tafinki a kansa fiye da yadda taimama take buƙata, sai in ɗauka tsufa ne.

Shekarar da ya rasu ce na tafi Najeriya karatu, wajen dangin da ban taɓa gani ba, ina Hausa suna dariya wai 'yar Makka ta zo. Da labari ya iso unguwa cewa ilimin duwatsu na zaɓa, Sa'alaba ta sami abin shan shayi. Maƙwabciyarmu Hajiya Kubura, wadda harshenta ya fi almakashi, ita ta raɗa masa suna. Ta ce 'ya'yan mutane suna karatun likita, ta Rabi ta ƙetare teku ta tafi karatun tsakuwa. An gaya mini kin amsa mata da cewa ai ko jifan Shaiɗan sai an zaɓi tsakuwa. Shekara biyar kina tare mini irin waɗannan maganganu, ke kaɗai, da hannayen da ba sa iya riƙe tsintsiya.

Sai na dawo da takarda a jaka da iska a kai.

Kin tuna ranar. Kwana uku da saukata, mata suka cika tsakar gida barka da zuwa. An shimfiɗa tabarmi a inuwa, ƙanwarki Khala Asabe tana zagayawa da shayi mai na'ana'a, kowa tana jan kumatuna wai na rame. Aka kira La'asar. Kika jawo dutsenki kamar kullum. Ni kuwa idona ya sauka a kan zobban nan, karo na farko da na kalle su da idon makaranta. Na san su. Na zana irinsu a jarrabawa. Ban ma bari kin ɗora hannu ba, na karɓe shi, na ɗaga sama yadda kowa zai gani.

Na ce, “Inna, ai wannan asalinsa ba dutse ba ne, ciyawar teku ce. Ashe shekara bakwai da ciyawa kike taimama.”

Da dariya na faɗa. Wallahi da dariya na faɗa. Ina so su ga cewa karatun tsakuwa ma yana gano abin da idonsu bai gani ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

 Wata daga cikin matan, mai ɗan karatun addini, ta ce a hankali ai an karantar da su taimama ba ta inganta a kan ciyawa ko tabarma ko katako, sai ƙasa da danginta. Kafin maganarta ta sauka Hajiya Kubura ta kece da dariya har tana buga cinya. Ta ce a ba ta dutsen ta gwada a goshina, in ciyawa ce ai ba zan ji zafi ba. Ta ce ga amfanin karatun tsakuwa nan an fara gani, yarinya ta tafi da hankalinta ta dawo tana kiran dutse ciyawa. Wasu suka taya ta, wasu suka sunkuyar da kai.

Nan take gidan ya rabu biyu ba tare da kowa ta shirya ba. Ko dai gaskiya na faɗa, sallolinki na shekara bakwai suna cikin shakka, ko kuwa shirme na faɗa, shekara biyar ɗina sun tafi a banza. Babu wadda ta hango hanya ta uku, har ni mai takardar.

Kika dube ni, kika dubi Hajiya Kubura. Kika miƙo hannu na ba ki dutsen. Kika naɗe shi a gefen mayafinki kika ce, “In Safiya ta ce ciyawa ce, ciyawa ce. Halas, shi ke nan.” Kika sa aka ɗebo miki yashi a faranti daga bayan gida, kika yi taimamarki, kika ta da salla. Dariyar ta mutu a wurin. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ɗauka na ci nasara.

Washegari ma ban hankalta ba. Na sa aka kai ni hanyar Makka na tsinto miki baƙin dutse irin na aman wuta, na kawo ina taƙama wai wannan babu ko ɗigon rai a tarihinsa. Na ɗan goga shi sama-sama, minti goma, na gaji. Kika karɓa kika sa mini albarka. Kaushinsa yana kama tsagun tafinki, ina gani kina ɗan cije leɓe, amma ba ki taɓa cewa komai ba. Farin kuma kika sa shi a kan kanta kusa da akwatin ɗinkinki.

Bayan mako guda na lura sallarki ta ƙara tsawo. Ki idar, ki sake miƙewa. Gwiwoyinki da ma sun daɗe da yin yaji, tashi ɗaya sai kin dafa bango kin ambaci sunan Allah sau uku. Yanzu tashin ya ninka. Labari ya zaga unguwa cewa Rabi tana rama sallolin shekara bakwai saboda abin da ɗiyarta ta gano. Wasu suka tausaya miki, wasu suka fara kallona da wani irin girmamawa mai haɗe da tsoro. Wata ma har ta aiko mini da dutsenta a leda in duba mata shi.

A nan ne na gane abin da na jawo. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, to ni ce. Na lissafa a raina yawan tashi da zaman da ke gabanki, na ga gwiwoyin nan ba za su kai ba. Na sa mayafi na tafi wajen limamin masallacin layinmu, dattijon nan mai fama da ido, na zayyana masa komai daga bayan labule. Ya saurara har na gama. Ya yi murmushi ya ce in haka ne ai rabin gidajen tsohon gari da dutsen teku aka gina su, kuma marasa lafiya nawa ne suka dafa bangayen nan suka yi salla. Ya ce, “Abin da ya zama dutse, dutse ne, 'yata. Ƙasar da muke takawa ma wa ya san me da me ta ci?” Ya ce in gaya miki babu ramuwar ko raka'a ɗaya a kanki.

Da gudu na dawo gida. Na durƙusa na gaya miki. Kika ce kin ji, Allah ya saka masa da alheri, ni ma Allah ya yi mini albarka. Da aka kira Magariba kika jawo baƙin dutse, kika yi sallarki, kika sake miƙewa.

Shekara huɗu muka yi a haka, Inna, har ranar da kika rasu. Na roƙe ki, na yi fushi, na yi kuka, na sauko da farin dutsen na ajiye a kan dardumarki, kika mayar da shi kanta. Na turo Khala Asabe ta yi miki magana, ta shiga ta fito ta ce in ƙyale ki. Akwai ranar da na ce miki ke dai ba kya jin magana, taurin kai ne kawai. Ni da bakina na faɗa wa uwar da ta haife ni haka. Kika yi kamar ba ki ji ba, kika tambaye ni ko na ci abinci.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne yadda kike yi da baƙi. Duk wadda ta shigo, ko daga unguwar Kurayyat ta zo ko daga Makka, sai kin sa an sauko da farin dutsen kin nuna mata zobban. Ki ce wannan da kike gani ciyawa ce, Safiya ce ta gano. Ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauka kina tuna mini laifina ne a fakaice.

Wata rana da hantsi, ina yi miki tsifa, kika tambaye ni wane irin teku ne yake haifar da ciyawa mai tauri haka, kuma me ya kai teku kan tudun da Baba yake ɗebo dutse. Na ce don Allah ki bar maganar dutsen nan. Kika bari. Gaskiyar ita ce ban san amsar sosai ba. Sunan abin na sani, labarinsa ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni cewa ban sani ba.

To yau zan ba ki amsar, ko da ta makara.

Kin san aikin da na samu daga baya, a kamfanin da yake gwada ƙasa kafin a yi gini. Har yanzu ina can, su ne kafilina masu tsaya mini a wajen hukuma, iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a hannunsu take. Ana huda ƙasa a zaro dutse dogo kamar taɓarya, a jera a akwatuna a kawo mana. Ni aikina in yanka, in goge, in duba, in rubuta abin da na gani. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina leƙen abin da ke ƙarƙashin Jidda, kuma kusan duk inda aka huda kusa da gaɓa, teku ake tararwa a bushe: murjani, halittar nan mai gina dutse a cikin teku, da ɓawon katantanwa, da ciyawar nan taki.

Ciyawar dangin gansakuka ce, amma ba irin koren nan mai santsi na bakin randa ba. Tana da rai ja-ja take, kamar ruwan zoɓo da aka tsinka. Abin mamakinta shi ne tana tsotsar alli daga ruwan teku tana jerawa a jikinta, don haka tun tana raye tauri gare ta. Wani lokaci ta shafe dutse kamar fenti. Wani lokaci ta sami ɗan tsakuwa ko guntun ɓawo ta lulluɓe shi. Igiyar ruwa ta juya shi, ko kifi ya ture shi da baki, gefen da yake ƙasa ya koma sama ya sami haske, shi ma ya tsiro. A shekara ba ta ƙara kaurin da ya wuce na farce. Zobban da kike shafawa ke nan, kowanne zamani ne da ta yi tana girma a hankali. Kafin ta kai cikin tafin hannu, an haifi mutane sun tsufa sun mutu. In ta mutu jan ya kauce, fari ya rage, yashi ya binne ta, ruwan ƙasa ya cike ƙofofinta da alli har ta koma dutse ɗungurungum.

Tunda sai da haske take rayuwa, duk inda aka ga tarinta an san ruwan wurin ba mai zurfi ba ne ƙwarai, rana tana kai wa gindinsa. Ke nan tudun da Baba yake juya tifarsa, a wani zamani da babu ɗan Adam ko ɗaya a bayan ƙasa, gindin teku ne. Daga baya ƙasa ta yunƙura ta ɗaga, ruwa ya ja baya, aka bar ƙwallayen a sama suna shan rana.

Sauran tambayarki, wane irin teku ne. A nan zan taka a hankali, don na koyi tsoron bakina. Murjani ɗan gata ne, yana son ruwa mai ɗumi, garau, wanda babu ƙura a cikinsa. Amma akwai gaɓoɓin da iska take kaɗawa a gefe guda wata da watanni, tana tura ruwan sama zuwa tsakiyar teku. In na sama ya tafi, na ƙasa ne yake tasowa ya maye gurbinsa, mai sanyi, ɗauke da duk abincin da ya daɗe kwance a gindi. Kamar dai yadda kike sa ludayi ki tayar da gindin kunu. Ruwa sai ya yi kore, ya yi duhu-duhu, ƙananan halittu su yi yawa, kifi ya cika wurin. Masunta suna murna da irin wannan ruwa, murjani kuwa ba ya so, sai ya ja da baya. Ita ciyawar nan ba ta da tsirfa. Sanyi bai dame ta ba, ƙarancin haske bai kore ta ba, sai ta gaje filin.

Shi ya sa in muka yanka dutse muka ga ciyawar ta yi yawa, murjani kuwa sai ɗaiɗai, tare da wasu ƙananan halittu masu tace abinci daga ruwa, mukan yi zargin cewa a zamanin ruwan sanyi yana tasowa a gaɓar. Zargi na ce, Inna. Laka daga kogi ma tana iya korar murjani, zurfi ma yana iya yi. Dutse ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an bi wurin an duba na sama da na ƙasa da na gefe. Wurin Baba kuwa ban san takamaimai inda yake ba, wanda zai nuna mini ya riga mu gidan gaskiya.

Bayan rasuwarki dutsen ya zo hannuna. Ya daɗe a naɗe, ban iya kallonsa. Watan jiya na yi ƙarfin hali na kai shi wurin aiki. Ban taɓa fuskar da Baba ya goge ba. Daga baya na yanki ɗan siriri, na liƙa a gilashi, na yi ta gogawa har haske yana ratsa shi, na sa a madubin ƙara girma. Inna, da kin gani. Ɗakuna ne ƙanana ƙanana a jere, layi bisa layi, kamar saƙar tabarma, ko ɗaya bai rushe ba. A tsakanin zobban ga 'yan halittun nan masu tace ruwa sun maƙale, murjani kuwa ko ƙwaya ban gani ba. Don haka in kin tambaye ni yau, zan ce ina kyautata zaton tekun dutsenki mai ɗan sanyi ne, kore, mai yawan kifi, kuma iska tana yawan kaɗawa a bakinsa. Iyakar abin da na sani ke nan. Na daɗe a kan kujerar ina kallo har abokiyar aikina ta taɓa ni ta ce lafiya.

Na ɗauki hoton a waya. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Khala Asabe. Tun da aka tashi unguwarmu, Khala ta koma unguwar Bani Malik wajen ɗanta, a wani ɗaki a hawa na biyu, ta tsufa ƙwarai, amma shayinta yana nan da zaƙinsa. Na nuna mata, ta juya wayar sama da ƙasa ta ce ita dai tabarma take gani. Muka yi dariya. Sai na yi ajiyar zuciya na ce da ma Inna ta ji maganar liman, da ba ta ƙarasa gwiwoyinta a kan ramuwar da ba ta hau kanta ba.

Khala ta ajiye kofinta.  Ta ce kin sa ta yi alkawari, amma tana ganin alkawarin na zaman duniya ne, kuma ita ma ta kusa tafiya, ba ta so ta tafi da shi.

Ta ce washegarin ranar da na yi maganar, tun da sassafe, lokacin da ni na tafi hanyar Makka neman baƙin dutse, ke da ita kuka je wajen liman. Da dutsen a hannunki kika je. Ya shafa shi, ya gaya miki abin da ya gaya mini, makonni kafin ni in je. Kin sani tun ranar cewa sallarki lafiya lau take, kuma dutsen Baba halal ne a gare ki. A hanyar dawowa Khala ta ce to alhamdulillahi, sai ki koma kan abinki. Kika tsaya a bakin layi kika ce mata:

“In na koma kansa, kafin Azahar Sa'alaba ta gama cewa yarinyar shirme ta karanto. Ba za su tsaya jin ciyawa ce amma ta zama dutse ba, ya ukhti. Su dai ko ta sani ko ba ta sani ba. Salla kuwa ba ta yin yawa.”

Ta ce nafila kike yi, da niyyar nafila, tun daga ranar farko har ta ƙarshe.

Na ce mata ba zai yiwu ba, ai kowa ya san ramuwa ce. Ta ce wa ya ji haka daga bakinki? Na zauna na bi shekara huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ban sami ranar da kika ce ramuwa kike yi ba. Mu muka faɗa, kika bar mu. Ta ce in tuna ko na taɓa ganin kin ƙara salla bayan Asuba ko bayan La'asar, lokutan da ba a nafila, alhali mai ramuwa ba ruwansa da lokaci. Ban taɓa gani ba. Ni da ake ba ni aiki don ina ganin abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta a cikin dutse, na zauna ɗaki ɗaya da ke shekara huɗu ban ga wannan ba.

Na tambaye ta, to bayan maganar ta kwanta fa, bayan an manta, me ya hana ki sauko da shi? Ta ce ita ma ta tambaye ki. Kika ce Kubura ba ta mantuwa, kuma ni ina neman aiki, ina neman miji, sunana yana bakin mutane. Ta ce amma wani lokaci in ta shigo ba sallama takan tarar da ke tsaye a gaban kanta, tafinki a kan farin dutsen, ba taimama kike yi ba, kin dai ɗora hannun ne kawai. In kin ji motsi sai ki janye ki ce ƙura kike sharewa.

Inna, ban san yadda na sauko daga benen nan ba.

Na raba ki da abin da Baba ya bar miki don in burge matan unguwa na minti biyar. Na kawo miki dutse mai kaushi na ce ga gyara. Kika rufa mini asiri da gwiwoyinki da tafin hannunki, ni kuma na tsaya a kanki na kira ki mai taurin kai. Duk baƙuwar da kika nuna wa zobban nan, ashe ba gori kike mini ba, alfahari kike yi da ni. Ina jin kunya, kuma ina kewarki yadda ban taɓa yi ba tun ranar da aka ɗauke ki.

Ga shi na faɗa a gaban mutane, har da waɗanda suke tsakar gidan ranar in suna raye, da 'ya'yansu in sun rasu. Dutsen ciyawa ne tun asali, wannan gaskiya ne. Taimama a kansa ta inganta, wannan ma gaskiya ne. Hajiya Rabi ta san duka biyun tun washegari. Wadda ba ta sani ba ita ce mai takardar.

Ki yafe mini, Inna. Na san kin yafe tun kafin in san akwai abin yafewa, amma ina so in roƙa da kaina.

Ya Allah, ka jiƙan Rabi 'yar Abdu. Ka karɓi farillanta da nafilolinta, waɗanda muka sani da waɗanda ta ɓoye mana. Ka musanya mata hannayen da wanki ya cinye da waɗanda ba sa ciwo, ka shayar da ita daga ruwan da ba ya tsaga fata. Ka haɗa ta da mijinta a inuwar da babu rabuwa. Ka jiƙan limaminmu, ka jiƙan Hajiya Kubura, ka ba Khala Asabe cikawa da imani. Mu kuma da muka rage, ka tsare iyayenmu daga kaifin bakinmu, ka sa mu gane su tun suna kusa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ɗiyarki mai karatun tsakuwa,
Safiya
Jidda